Takobi ɗaya a gida, kambu 68 a waje

Tun da Terence Crawford ya doke Canelo Alvarez a Satumban 2025, gardama ta ƙi ƙarewa a fadojin Tawa da Yamai a kan wanda ya fi kowa a tarihin damben boksin. Saƙonnin muryar da ke iso mana nan Faransa kusan duk hujjarsu guda ce: "Manny Pacquiao ya ci kambu a ajin nauyi takwas, wa ya kamo ƙafarsa?" Ƴan uwa, ban yarda da wannan ƙidayar ba, kuma ku da kuka tashi da kokowa ya kamata ku riga kowa ganin raminta.

Tun 1975 da aka fara gasar takobi ta kokowar Nijar a Tawa, tsarin bai da wuyar ganewa. Jihohi takwas a yau, kowace ta kawo ƴan kokowa goma, ba a auna nauyin kowa, wanda ya faɗi ya fita daga neman takobi. Shi ya sa in aka ce Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobi sau shida, ba mai tambaya wane takobin.

A boksin dole ka tambaya. Ajin nauyi da kowa ya yarda da su 17 ne, hukumomin da ke ba da kambu huɗu: WBA, WBC, IBF da WBO. Kambu 68 ke nan, kafin a zo ga na wucin gadi da kuma ƙaramin kambun da WBA ta daɗe tana rabawa a ƙarƙashin babban nata a aji guda. Dalilin kuɗi ne. Duk wasan da aka ɗora wa kambu, hukumar na yankar kasonta, wajen kashi 3 cikin 100 na ladan ɗan damben. Mai sayar da kambu ba zai so kambu ya yi ƙaranci ba.

Tsanin ma ba daidai yake ba. Daga kilo 47.6 zuwa kilo 55.3 aji shida ne, a cikin ƙasa da kilo takwas. Yaron da ya fara yana ɗan shekara 17, girman jiki kaɗai ya isa ya haura da shi aji uku. A sama kuwa, daga kilo 79.4 zuwa 90.7 taki ɗaya ne tak, kuma bayansa sai ajin ƙatta wanda bai da iyaka.

Sai batun sikeli, inda ake yawan ruɗar mai kallo. Ana awo ne kwana ɗaya kafin wasa. Ɗan dambe ya matse ruwan jikinsa da gudu da gumi da ƙin shan ruwa, ya hau sikeli, sannan ya kwana yana ci yana sha, ya shigo fili da ƙarin kilo biyar ko fiye. Wanda ya fi suna kuma yakan sa a rubuta a yarjejeniya nauyin da ya yi masa daɗi, ko a ƙayyade kilon da abokin karawa zai mayar bayan awo. Kambu na takwas na Pacquiao, wanda ya ci a kan Antonio Margarito a 2010, na ajin kilo 69.9 ne, amma an yi wasan a kan kilo 68, shi kansa bai kai 66 ba, kuma bai taɓa kare kambun ba. Girman Pacquiao na gaske yana ga mutanen da ya buge, su Barrera da Morales da Cotto, ba ga lamba takwas ba.

Ku dubi Roy Jones a 2003. Ya haura ya karɓe kambun WBA na ajin ƙatta daga John Ruiz, alhali kowa ya san sarkin ajin a lokacin Lennox Lewis ne. Ya tara tsoka don wannan wasan, ya dawo ya zubar da ita don komawa kilo 79.4. Ruwa ne ke fita da sauƙi, tsoka in ta tafi da ƙarfi take tafiya. A 2004 Antonio Tarver ya shimfiɗe shi a turmi na biyu.

Ba cewa nake haura aji wasa ne ba. Henry Armstrong ya riƙe kambu uku a lokaci guda a 1938, lokacin da aji takwas ne kacal a duniya. Dick Tiger na Najeriya ya ci ajin kilo 72.6 a 1962, ya haura ya ci na 79.4 a hannun José Torres a 1966, duk a kan mai gidan ajin. Oleksandr Usyk ya tattara kambu huɗu a kilo 90.7, sannan a 2024 ya doke Tyson Fury wanda ya fi shi nauyi da sama da kilo 15. Wannan shi ne ya yi kama da ƙaramin ɗan kokowa ya kayar da ƙato, filin ya ɗauki guɗa. Crawford ma haka: bai zaɓi mai rauni ba, ya haura ya je wa Canelo mai kambu huɗu a kilo 76.2.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ƙidayar aji ke danne waɗanda suka zauna gida ɗaya suka tare ƙofa. Joe Louis ya kare kambunsa sau 25 tsakanin 1937 da 1949. Marvin Hagler ya kare nasa sau 12, har da Roberto Durán da Thomas Hearns cikin waɗanda suka zo suka koma hannu wofi. Adrien Broner kuwa ya ci kambu a aji huɗu. A lissafin fada, wai Broner ya ninka Hagler sau huɗu ke nan.

Don haka in wani ya kawo muku lamba a bakin shayi, ku tambaye shi: a hannun wa aka karɓi kambun, shi ne gwanin ajin a ranar ko na uku a layi? A kan kilo nawa aka yi awo? Sau nawa aka kare shi daga baya? A jerina Armstrong ne a gaba cikin masu haura aji, Pacquiao na biye da shi, kuma Hagler mai aji guda yana sama da mafi yawan masu aji huɗu.