Kwanon awo ne yake korar mutane daga kasuwanninmu

Mako biyu da suka wuce wani abokin aikina ya shaida mini cewa ya daina shiga kasuwa sayen kayan abinci, duk ƙarshen wata sai ya nufi ɗaya daga cikin manyan kantunan zamani da suka yawaita a Sakkwato, ya cika kwando, ya biya, ya koma gida. Na ɗauka sanyin na'ura da tsabtar wuri ne suka ja shi, domin duk wanda ya taɓa ratsa kasuwa da azahar a watan Afrilu ya san zafin garin nan. Sai ya ce mini: "Malam, a can ba a duban tufafina kafin a faɗa mini kuɗi, kuma idan an rubuta kilo biyar, kilo biyar zan tarar a gida." Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin ni ɗan kasuwa ne ya haife ni, kuma ban sami abin da zan ƙaryata shi da shi ba.

Tun ina makarantar firamare ake aikena cefane. Na san Tsohuwar Kasuwa lungu-lungu, na san layukan Babbar Kasuwar Shehu Shagari, na san cewa mai son nama da kayan miya masu kyau ya yi sammakon Kasuwar Daji, mai neman ragon suna ko na layya kuwa ya nufi Kara tare da wanda ya san dabba. Albasar da ake lodawa manyan motoci zuwa kudancin ƙasar nan daga fadamun Wurno da Goronyo da makwabtansu take fitowa, shanun da ake kaiwa kasuwar Illela ranar Lahadi kuma da yawansu daga Nijar suke ƙetarowa. Kuɗin da ka kashe a waɗannan wurare ba ya yin nisa, yana shiga hannun manomi da mai baro da ɗan dako da mai keke-napep, kafin magariba ya zama tuwon gidaje da yawa.

Akwai wani dattijo mai sayar da hatsi da nake ciniki da shi fiye da shekara goma, ba zan ambaci sunansa ba domin ban nemi izininsa ba. Idan zai auna maka gero, sai ya nutsa kwanon cikin buhu, ya cika shi, ya ƙara da hannu har ya yi tozo, ya ɗan dakata ka gani da idonka kafin ya juye, bayan an gama kuma ya ɗebo tafi guda ya ce gyara ce. A farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a, mutane na kwana a layin banki, tura kuɗi ta waya kuma yana maƙalewa, na je wurinsa ba ni da ko sisi a aljihu. Ban gama bayani ba ya ce: "Ɗana, ɗauki abin da iyalinka za su ci, in Allah ya buɗa ka kawo." Ya jawo wani tsohon littafi da gefensa ya naɗe, ya rubuta, kuma da ya buɗe shafin na ga sunayen mutane sun cika shi har ƙasa. Babu kantin zamanin da zai yi mini haka, kuma ban zarge su ba, domin yarinyar da ke zaune gaban na'ura ma'aikaciya ce, ba ta da ikon yafe ko naira goma.

To amma a wannan kasuwar dai, layi biyu kacal daga rumfar dattijon, aka yi mini abin da har yau nake jin ɗacinsa. Ana saura kwana uku azumi ban same shi ba, sai na sayi shinkafa tiya goma wurin wani matashi mai fara'a da yawan rantsuwa. Da na isa gida uwargida ta sake aunawa da kwanonmu, sai ga tara da ɗan abin da bai kai rabi ba. Washegari na koma, na roƙi ya ba ni kwanon na duba, na kifa shi, sai na ga an bubbuge gindinsa ya lotsa ciki, an kuma rage bakinsa an goge. Bai ko ji kunya ba, cewa ya yi kowa haka yake yi, idan bai yi ba ba zai fita ba. Irin wannan ha'inci ba a hatsi kaɗai ya tsaya ba. Kwandon tumatir ne za ka ga manya jajaye a sama, ƙasa kuwa ruɓaɓɓu da ganye. Gero ne da tsakuwa. Man ja ne da aka sirka. Sai kuma farashin fuska, inda mai babbar riga da baƙon da harshensa ya nuna ba ɗan gari ba ne za a sa musu kuɗi ninki, yaron da aka aiko kuma a danne masa canji.

Na san halin da 'yan kasuwa suke ciki, kuma ba na raina shi. Gobarar da ta tashi a Babbar Kasuwa a watan Janairun 2021 ta cinye dukiyar da wasu suka tara tsawon rayuwarsu, akwai waɗanda har yau ba su miƙe ba. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ninka kuɗin dakon kaya, rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin wannan shekarar ya tsayar da hada-hadar Illela da Ƙonni na tsawon watanni, rashin tsaro a yankin Isa da Sabon Birni kuma ya raba manoma da yawa da gonakinsu. Duk wannan hujja ce ta ƙara farashi, kuma mai saye zai yi ƙorafi ya haƙura, ko ya rage abin da zai saya. Amma babu ɗaya daga ciki da ya halatta rage kwano. Sura guda aka saukar da sunan masu tauye mudu, ta fara da azabar da aka tanadar musu, kuma kowane ɗan makarantar allo ya haddace ta. Mutanen Madyana da aka aiko musu Annabi Shu'aibu da wannan laifin aka kama su. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Abin yana yi mini nauyi ƙwarai cewa a birnin Shehu, inda ake karanta waɗannan a zaure da masallaci kullum, mutum zai ce ya fi amincewa da ledar da aka liƙe a wata masana'anta a Legas a kan kwanon ɗan'uwansa.

Kantunan zamani suna da amfaninsu, ni ma nakan shiga in sayi abin da nake son ganin ranar lalacewarsa a rubuce. Sai dai ba su ne mafitar yawancinmu ba. Matar da mijinta ya bar mata abin da bai fi cefanen yini ba tana bukatar wanda zai auna mata mai a murfin kwalba, ya ƙulla mata gishiri da daddawa, ya raba mata sabulu biyu. Ko a Kano, da yawan jama'arta da kuɗinta, Shoprite ta rufe reshenta a farkon 2024 bayan kimanin shekara goma, kasuwannin Kwari da Singa da Kurmi kuwa suna nan cike.

Mu masu saye ma muna da namu laifin. Mutumin da zai biya duk abin da aka liƙa a jikin kwali ba tare da ya ce uffan ba, shi ne zai tsaya kan tsohuwar da ta taho daga ƙauye da ƙunshin zogale, ko Bafulatanar da ta ɗauko nono tun asuba, ya yi musu tayin wulaƙanci, a ce masa albarka ya juya baya har sai an kira shi an sallama masa a kan faɗuwa. Wanda ya saba da irin wannan tayi, shi yake koya wa mai sayarwa ya fara da ƙarya.

Gyaran ba ya bukatar kwangila. Shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa sun san kowace rumfa da mai ita, sun san waɗanda suke bubbuge kwano da maƙeran da suke yi musu. Su haɗa hannu da Hukumar Hisba a fitar da kwano guda mai hatimi wanda kowa zai yi awo da shi, a ajiye irinsa da sikeli a bakin kowane layin hatsi domin mai saye ya sake aunawa kafin ya fita, wanda aka kama a gargaɗe shi, in ya maimaita a rufe rumfarsa na wasu kwanaki. Masu hatsi da mai da sukari kuma su riƙa rubuta farashin yini a allo, wanda zai nemi ragi ya nema daga nan.

Na ce wa abokin nawa ya ba ni safiyar Asabar guda in kai shi wurin dattijon nan. Ya amince, amma ya ce zai zo da kwanon gidansu, na ce ya zo da shi.