Garin kimiyya da babu ruwan sha

Jiya da daddare Baffana ya kira ni daga Abuja, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce ya turo min wata takarda a WhatsApp in duba. Na buɗe, talla ce mai sheƙi, wasu dogayen gidaje da ba a gina ba tukuna a gefen garin Kambirij na Ingila, an zana mutane suna yawo da keke, bishiyu kore shar, wai ka ajiye kafin alƙalami yanzu nan da shekara biyu ka fara karɓar haya da fam. Dillalin ya gaya masa wai nan ne cibiyar kimiyyar Turai ta gaba. Na ce Baffa Allah ya ƙara girma, bari in gaya maka abin da nake gani da idona tunda a garin nake neman abinci.

Dillalin nan fa ba shi ya ƙirƙiro maganar ba, daga sama ya ɗauko ta. Duk watan Maris akwai wani baje koli da ake kira MIPIM a Cannes ta Faransa, a zauren da ake bikin finafinai ɗin nan, mutum sama da dubu 20 ke zuwa, masu bankuna, kamfanonin gini, masu kula da kuɗin fansho, su kuma shugabannin birane da yankunan Birtaniya kowa ya kafa rumfarsa da ɗan samfurin garinsa a kan tebur yana tallata shi kamar mai atamfa a Kwari. Mancesta ta ce ita ce, Libaful ta ce a'a ita ce. Namu yankin, wato tsakanin Oksfod da Kambirij, hajarsa kimiyya. A Janairun 2025 ministar kuɗi Rachel Reeves ta tsaya ta ce wannan yanki zai iya ƙara wa tattalin arzikin ƙasar har fam biliyan 78 nan da 2035.

Kuma wallahi kimiyyar ba ƙarya ba ce, wannan kam zan ba su. Wayar da kake karanta rubutun nan da ita, Tecno ce ko Samsung, ƙwaƙwalwar da ke cikinta kusan tabbas a kan zanen kamfanin Arm aka ƙera ta, hedikwatarsa na nan Kambirij. Rigakafin korona da ya sauka Abuja a Maris 2021 daga jami'ar Oksfod da kamfanin magunguna na AstraZeneca ya fito. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro da aka fara yi wa yara a Kebbi ƙarshen 2024, shi ma Oksfod. Tun 1970 kwalejin Trinity ta jami'ar Kambirij ta ware fili don kamfanonin bincike su zauna kusa da jami'a, yau ka shiga wajen sai ka ɓata.

Abin da takardar Baffa ba ta faɗa ba shi ne ruwa. Ee ruwa, na famfo. Mutanenmu na ɗauka Ingila kullum cikin ruwan sama take, to gabashin ƙasar nan shi ne mafi bushewa, abin da ke sauka a Kambirij shekara guda bai kai milimita 600 ba, damina mai kyau guda ɗaya a Kano ta fi shi. Yayyafi ne kawai mai sa mutum mura. Ruwan da garin ke sha daga ƙarƙashin ƙasa ake zuƙo shi cikin dutsen alli, irin burtsatse dai amma manya, an zuƙa an zuƙa har ƙananan rafukan da ke kewaye sun fara ƙafewa da rani. Hukumar kula da muhalli ta ƙasar da kanta ta tsaya ta ƙi amincewa da gina dubban gidaje a kewayen garin saboda wannan, aka yi ta jan ƙafa. To a haka ne a Disamban 2023 minista Michael Gove ya ce yana son a ƙara gidaje dubu 150, a garin da mutanensa gaba ɗaya a ƙidayar 2021 ba su kai dubu 150 ba. Babban dam ɗin da ake cewa zai magance matsalar, na yankin Fens da ke arewa da garin, sai wajen 2036 ake sa ran zai fara ba da ruwa. Su kuma ɗakunan gwaje-gwajen nan, mu da muke ciki mun san yadda suke shan ruwa.

Jirgin ƙasa ma haka. Tsakanin Oksfod da Kambirij mil 66 ne, da akwai layin dogo kai tsaye, suka rufe shi a ƙarshen 1967, yanzu sai ka gangara Landan ka sake hawowa, awa biyu da rabi. Ana sake gina shi, ɓangaren da zai iso Kambirij har yau a takarda yake.

Amma ni abin da ya fi ci min rai wa ake gina wa gidajen. Mai zuba jari ba ƙungiyar agaji ba ne, ba na ganin laifinsa, inda haya ta fi tsada nan zai sa kuɗinsa, wato ginin gwaje-gwaje na haya da gidajen manyan ma'aikata. Mu kuma da muke wanke kwalabe, muke shirya samfur tun kafin farfesa ya iso, da nas-nas da masu shara da direbobin bas, garin ya fi ƙarfinmu. Ni sai da na kwashe iyali muka koma wani ƙaramin gari can nesa saboda hayar ɗaki biyu ta kusa cinye rabin albashina, ƙarfe 5 da rabi nake fita cikin sanyin nan, in yi sallar asuba a wajen aiki in lokacin hunturu ne. Wata abokiyar aikina 'yar Ghana ta haƙura ta koma arewacin ƙasar gaba ɗaya, kuma ta iya aiki sosai, har yau ba a samu wanda ya maye gurbinta ba. A hotunan talla ba ka taɓa ganin irinmu, sai masu keke da kofin kofi a hannu.

Su kansu manyan ba tabbas ne da su ba, a Satumban 2025 AstraZeneca ta dakatar da faɗaɗawar fam miliyan 200 da ta yi niyya a Kambirij ɗin. Kamfani ɗaya ya ja baya, lissafin masu haya na dillali ya canza.

Don haka na ce wa Baffa ban hana ka ba, garin yana da daraja kuma ana neman gida ruwa a jallo, amma cinikin biri a sama ne in ba ka tambaya ba. Ka ce dillalin ya nuna maka takardar izinin gini daga ƙaramar hukuma, ya gaya maka ko an warware maganar ruwan wannan filin, ya faɗi nawa la'adarsa, kuma kafin alƙalamin naka a hannun wa zai zauna in ginin ya tsaya. Ya yi shiru, can ya ce in turo masa tambayoyin a rubuce zai tura masa. Na tura tun ƙarfe 11 na dare. Da safen nan ina cikin bas Baffa ya turo min amsar mutumin, hoton gidan ne dai ya sake turowa, wannan karon an ɗauko shi ta gefen da ake ganin kogi.