Kalmar da ke fizgar ido kafin hankali ya iso

Ina yawan jin ana zargin masu karatu da cewa ba sa son labari sai mai tayar da hankali. A ganina wannan zargi bai yi musu adalci ba, domin kafin mutum ya yanke shawarar abin da zai karanta, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta yi masa zaɓi.

A shekarar 1959, wani masanin halayyar ɗan Adam a Ingila mai suna Neville Moray ya sa wa mutane na'urar sauraro, kowane kunne da maganar da ke shiga cikinsa, ya umarce su da su bi ɗaya kawai. Kusan duk abin da aka faɗa a ɗaya kunnen ya wuce su, amma da aka ambaci sunayensu, kimanin kashi ɗaya cikin uku suka ji. Duk wanda ya taɓa tsinkayo sunansa a cikin hayaniyar gidan biki ya san haka.

Idan kalmar mai ɗaga hankali ce, ɗaya daga cikin masu hannu a wannan aiki ita ce amigdala, wata 'yar ƙaramar gaɓa da ke can cikin ƙwaƙwalwa, ɗaya a dama ɗaya a hagu. A 2001, Adam Anderson da Elizabeth Phelps sun riƙa haska wa mutane kalmomi a jere da tsananin sauri, har ta kai wasu na kuɓuce wa ido, sai suka ga kalmomi masu ɗaga hankali sun fi tsira daga wannan kuɓucewa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wata majinyaciya da amigdalarta ta lalace ta ɓangarorin biyu: tana fahimtar ma'anar kalmomin sarai, amma ba su fi sauran kama idonta ba.

Masu neman a yaɗa rubutunsu sun daɗe da gano wannan lagon. Wani bincike da William Brady da abokan aikinsa suka fitar a 2017, bayan nazarin saƙonnin Twitter sama da 500,000, ya nuna cewa kowace kalma mai haɗa motsin rai da hukuncin ɗabi'a tana ƙara yaɗuwar saƙo da kimanin kashi 20 cikin 100.

Shi ya sa nake ɗora laifin a kan mai rubuta kanun labari. Wanda ya buɗe rubutunsa da "Innalillahi" ya san gaban mai karatu zai faɗi, ya san zai tsaya yana fargabar wa aka rasa, alhali kuwa abin da ke ƙasa bai wuce labarin ƙungiyar ƙwallon da aka lallasa a daren jiya ba.