Ga mai sayar da lambar jikin kwali

Na daɗe ina haɗiye maganar nan, amma yau tura ta kai bango. Ban kama sunan kowa ba, kuma ba zan kama ba. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, wanda ake yi da shi ma ya san kansa.

Akwai wani a sana'armu ta ɗaura kayan sauti a mota da ya mai da ni abin hirarsa. Duk wanda ya tsaya gabansa sai ya ce masa kar ya zo wajena, wai amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai wat 500 zan maƙala masa, shi kuwa mai wat 5,000 yake sawa. Maganar ta dawo kunnena ta bakin mutum fiye da uku, na kyale. Abin da ya sa na buɗe baki shi ne motar da wani dattijo ya kawo mini makon jiya. Da ma mai zuwa wajena ne, aka janye shi da daɗin baki. Ya faka, ya fito jiki a sanyaye, ya ce: "Malam, duba mini, kiɗan ya ɗauke, kuma wani wari nake ji a baya."

Ina ɗaga but ɗin, ƙaurin kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin lasifika, ya bugi hancina. Wanda ya taɓa jin warin nan ba ya manta shi. Na danna fuskar wufa ɗaya, wato babbar lasifikar bas, da yatsu, tana gurzawa kamar an zuba mata yashi. Amfilifayar ga ta nan shimfiɗe, jar fitilarta a kunne, an rangaɗa mata 5000W da manyan haruffa. Na duba gefenta: fiyus biyu, kowanne amfiya 30.

To, kai mai wat dubu biyar, zo mu yi lissafin da ko yarona na shago ya iya. Mota in injinta na aiki, wutarta wajen bolt 14.4 take. Fiyus biyun nan amfiya 60 suke bari ta wuce. Ninka 60 da 14.4, ka samu wat 864. Iyakar abin da za ta iya sha ke nan, ba abin da za ta bai wa lasifika ba, don wani kaso yana tafiya a zafi. Amfilifaya aji-aji ce: mai ajin D kan miƙa wa lasifika wajen kashi 80 cikin ɗari, mai ajin AB kuwa da kyar take haura kashi 60. Wadda ka sayar wa dattijon nan ajin AB ce. Ina sauran wat dubu huɗu da ɗoriya suka shiga? In da gaske za a fitar da wat 5,000, sai an ja amfiya sama da 400, alhali altanetar ƙaramar mota tsakanin amfiya 80 zuwa 120 take bayarwa, kuma a ciki fitilu da fanka da na'urar sanyi suke ci. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Lambar da ake dubawa ita ce RMS, wato ƙarfin da amfilifaya ke iya riƙewa a kai a kai ba tare da sauti ya lalace ba. Waccan ta jikin kwali, ko an kira ta Max ko PMPO, ado ce kawai. Kamfanonin da suke mutunta kansu suna bin ma'aunin CEA-2006, wanda yanzu ake kira CTA-2006: a gwada a bolt 14.4, a kan om 4 (om shi ne ma'aunin turjiyar lasifika ga wuta, yana raguwa nauyin amfilifaya na ƙaruwa), gurɓatar sauti kar ta wuce kashi 1 cikin ɗari. Ko rediyon mota da ake rubuta wa 50W sau huɗu, ainihin abin da yake bayarwa bai cika kai wat 20 a kowace hanya ba. Ka san wannan ka ɓoye wa mutane, ko ba ka sani ba? Kowanne ne, bai kamata ka riƙa zagin wanda yake faɗa musu gaskiya ba.

Da a ce ƙaryar lamba ce kaɗai, da na haƙura. Wufa biyu ne a motar, kowace om 4, RMS ɗinta 250. An haɗa su kafaɗa da kafaɗa, suka koma om 2. Sannan aka game hanyoyi biyun amfilifayar suka zama ɗaya, aka jona musu. A takardarta an rubuta ƙarara cewa in an game ta, kar a sauka ƙasa da om 4. An ɗora wa jaki kayan raƙumi, ba dole ta yi zafi ta kashe kanta ba? Maɓallin gein kuma an murɗe shi har ƙarshe, an ƙara da na ƙarin bas. Gein ba maɓallin ƙara murya ba ne. Aikinsa ya daidaita amfilifaya da ƙarfin abin da rediyo ke turo mata, bolt 2 ne ko bolt 4. In ka wuce da shi, kan igiyar sautin yakan yanke ya daddaɓe, kwayil ya yi ta shan zafi har ya ƙone. Daga nan sai ka ce wa mai mota shi ne ya cika ƙure kiɗa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wayar wuta. Robarta kauri kamar babban yatsa, cikinta kuwa siriri. Na kankare ta da wuƙa, jan ya tafi, fari ya bayyana: alminiyam ce aka yi wa rigar jan ƙarfe. Alminiyam wajen kashi 60 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe ke ɗauka take ɗauka, shi ya sa mai amfani da ita dole ya ƙara kauri. Na bi wayar tun daga but har gaban mota, babu fiyus a kusa da batir. Babu ko ɗaya. Ƙa'ida ita ce a sa shi cikin inci 18 daga kan batir. Inda wayar ta ratsa ƙarfen da ya raba inji da cikin mota ma ba a sa mata robar kariya ba, har bakin ƙarfen ya fara cin jikinta. Ranar da ya kai ga cikinta, wayar nan za ta yi ja tun daga gaba har baya, a ƙarƙashin kafet. A kujerar baya na ga takalmin ƙaramar yarinya ƙafa ɗaya. Na tsaya ina kallonsa, hannuna har rawa yake. Wannan ya wuce gasar neman kwastoma, ɗan'uwa, da ran mutane kake wasa.

Na kwance komai. Na sa wayar jan ƙarfe zalla mai kauri lamba 4, da fiyus ɗinta a gindin batir. Wayar ƙasa, wato wadda ke haɗa amfilifaya da ƙarfen jikin mota, da aka ɗaure a kan fenti, na goge wurin har ƙarfe ya fito fes, na ɗaure ta gajeriya. Na canja wufar da ta ƙone. Sannan na ɗauko irin amfilifayar da kake yi mini gori a kanta: mai hanya ɗaya, ajin D, wat 500 RMS a om 2, daidai da abin da wufa biyun suke nema. Na cire wayoyin lasifika, na saki sautin gwaji na haz 50, muryar rediyo a kashi uku cikin huɗu, na ɗora mita ina murɗa gein a hankali har ta nuna bolt 31.6, na tsaya nan. Na yanke wufa a haz 80, wato bas kaɗai za ta riƙa fitarwa, don kar ta shiga aikin lasifikan ƙofa.

Dattijon ya zauna, ya kunna, ya ɗan jima bai ce komai ba. Ya kunna fitilun gaba ya fito ya duba, ba sa lumshewa in bas ya buga. Ya dube ni ya ce: "Wannan ce ƙaramar?"

Amfilifayarka tana nan a kan teburina, da guntun wayar da na kankare, da ƙonannen kwayil ɗin. Ban jefar ba, ban kuma nuna wa kowa sunan shagon da ke kan rasit ba. In har yanzu kana kan bakanka cewa wat 5,000 ce, ka zo da mutanen da kake faɗa wa maganata, mu jona ta a gabansu, mita tana nan. In ba za ka zo ba, to ka bi motocin da ka yi wa aiki ɗaya bayan ɗaya, ka sa musu fiyus a gindin batir.