Kafin a kori aljanu, a tambayi abin da suke gadi

Duk mai riƙe da waya ya ci karo da irin bidiyon nan da ake ta yaɗawa a TikTok da YouTube. Samari uku ko huɗu, dare ya tsala, fitilar waya a hannu, sun kutsa wani kango a cikin birni ko sun tsaya a gindin tsohuwar kuka. Wannan yana raɗa, wancan yana haki, can sai a jefo dutse daga bayan katanga, wani ya gilma cikin farin ƙyalle, a kwasa da gudu ana salati. A sama an rubuta "gidan fatalwa". Ba a faɗi sunan unguwa ba, ba a faɗi wanda ya gina gidan ba, ko tsoho ɗaya ba a tsaya an gaisa da shi a layin ba. Ƙaryar da ke ciki ƙaramin laifi ce. Babban laifin shi ne ana raba labari da wurinsa, alhali a tsofaffin biranenmu wurin ne ya haifi labarin.

Farin ƙyallen nan ma aro ne daga finafinan ƙetare. Kalmar fatalwa muna da ita, amma ba ita ce ta cika hirar tsofaffin Kano da Katsina da Zariya da Damagaram ba. Su aljanu suke cewa, ko iskoki, ko kuma su sakaya su ce mutanen ɓoye. Musulmi ya san mamaci yana barzahu, ba ya dawowa yawo a soro, aljanu kuwa sura guda ce a Alƙur'ani da sunansu. Kuma aljanin labaran gargajiya yana da mazauni sananne: wannan tsamiyar, waccan rijiyar, bakin kududdufi kaza, jujin bayan ganuwa. Yana da lokacinsa, tsakar rana ko almuru. Wanda ya bi waɗannan mazaunai ɗaya bayan ɗaya zai ga taswirar tsohon gari ce ke fitowa, domin ruwa ba ya tsami banza.

Dutsen Dala ya isa misali. Tsohon rubutun tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara daga Larabci a 1908, ya kawo labarin Barbushe, shugaban masu tsafin Dala, da gunkinsu Tsumburbura dalla-dalla: itacen da ake kira Shamus, katangar da ta kewaye shi, dokar cewa ba mai shiga sai Barbushe, saukowarsa sau biyu a shekara, baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru da ake kawowa. Ya ambaci kurmin Jakara, wanda ake kira Kurmin Baƙin Ruwa, da ake jin tsoron taɓawa. Mai karatu da idon basira zai ga mutanen da suka riga Bagauda, sarkin Kano na farko, zama a wurin, da shugabancinsu, da ranakun taronsu, da ruwan da suka dogara da shi har suka kafa masa doka. Da masu binciken ƙasa suka duba gindin Dala sun sami alamun narka tama da suka kai wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Wato tsoron da aka gada game da dutsen nan ya riƙe adireshin mafarin garin na sama da shekara 1,000. Rubutun ya ce Sarki Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343, shi ya rushe katangar tsafin, kuma a zamanin Yaji Wangarawa suka zo da Musulunci. Tsafi ya tafi, labari ya tsaya, kuma da labarin ne muka san abin da aka rushe. Jakara kuwa yau kwata ce.

A daji ma haka abin yake. Kuka ba kasafai take taruwa da yawa wuri guda haka kawai ba. Mutane ne ke barinta kusa da gida saboda miya da igiya da 'ya'yanta, ita kuwa tana rayuwa ɗaruruwan shekaru bayan an manta da masu gidan. Shi ya sa idan manomi ya nuna tarin kukoki ya ce nan garin aljanu ne, ba a noma shi, mai binciken kufai sai ya sunkuya ya dubi ƙasa. Abin da yake nema sananne ne: tsingaro, kashin maƙera, karyayyen dutsen niƙa, bakin ramukan marina, da tudun da ya miƙe a layi wanda ragowar ganuwa ne. Bayan ruwan farko na damina ake dubawa, lokacin da ƙasa ta wanku kuma ciyawa ba ta rufe ba. Tsoron aljanu shi ya hana gatari da garma isa irin waɗannan wurare. Sunayen unguwannin Kano kansu shaida ne: Durumin Iya, Rimin Kira, Rijiya Biyu, Rijiya Huɗu, Kukar Bulukiya. A wasunsu itacen ko rijiyar sun daɗe da ɓacewa, sunan da labarin ne suka rage.

Wasu labaran kuma rai suke tsarewa. Kusan kowane tsohon gari yana da rijiyar da ake cewa tana cin mutane. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne. A rijiyar da ta daɗe a rufe, ganye da shara da mushe suna ruɓewa a ƙasa, suna cinye oksijin, suna fitar da iskar kabon wadda ta fi iskar sama nauyi, sai ta kwanta a gindi. Ba ta da launi, ba ta da wari. Idan oksijin ya sauka zuwa wajen kashi 16, wutar fitila mutuwa take yi. Idan ya yi ƙasa da kashi 10, mutum sumewa yake yi kafin ya iya kiran na sama. Wata iskar mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ta fi wannan sharri, domin idan ta yi yawa hanci daina jin ta yake yi. Ga yadda ake asarar mutum biyu ko uku a rami ɗaya: na farko ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi ba igiya a ƙugu, na uku ya bi su. Tsofaffin masu haƙar rijiya sun san haka. Sukan buɗe bakin rijiyar su bar ta ta sha iska, su zura fitila da igiya su ga ko za ta ci gaba da ci, kuma ba mai sauka sai da igiya da mutane riƙe da ita a sama. Yau har janareto ake kunnawa a bakin rami don zuƙe ruwa, hayaƙinsa yana gangarawa kan wanda ke ciki. Kakar da ta ce wa jikanta kada ya leƙa rijiyar nan akwai mutanen ɓoye, ta fi mai bidiyon da ke tura yara su je su gani da idonsu sanin abin da take yi.

Kududdufi ma haka. Ramin da aka haƙi ƙasar tubali ne, na gidaje da na ganuwa, don haka gefensa a tsaye yake, gindinsa laka ce mai riƙe ƙafa. Yaro yana taku biyu a ruwa iya gwiwa, na uku ya zurma. A ce aljanar ruwa ta ja shi. Yanzu an cike da yawa daga cikin kududdufan da shara an yanka filaye. Shara ba ta ɗaukar gini. Tana ruɓewa tana zama, tushe ya nutse ta gefe ɗaya, bango ya tsage daga kusurwar taga, ƙyauren ƙofa ya karkace har ya riƙa buɗe kansa ko ya ƙi rufuwa, damina ta zo ruwan da ya saba taruwa a wurin ya dawo gidansa. Masu haya su gudu, a ce gidan yana da iska. Da mai sayen filin ya tambayi tsofaffin unguwa abin da ake faɗa game da wurin, da ya ji sunan kududdufin kafin ya biya kuɗi.

Ƙarar da ake ji a kango da dare, duk magini ya san ta. Rufin soro azara ce ta giginya, wadda ba ta wuce kamar ƙafa 6 ba tare da an tallafe ta ba, shi ya sa ake ɗaura bakan gizo a manyan ɗakuna. Rana ta gasa ta, sanyin dare ya sauko, ta motsa ta yi ƙara. Jemagu suna kwana a tsakanin azara, mujiya tana huci da kururuwa a saman zanko. Abin tsoro na gaskiya shi ne indararo da ya toshe. Ruwa ya kwanta a rufi, ya jiƙa kan azara inda ta shiga bango, ta ruɓe, rufi ya rufto. Ginin ƙasa yaɓe yake so kafin kowace damina, da makuba ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Wanda ya shafe shi da siminti ya kulle danshi a ciki, bayan 'yan shekaru simintin ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa, ya taho da fuskar bangon. Waɗannan samari da ke tsalle-tsalle a irin wannan soro da tsakar dare, rufin ne zai kashe su.

Akwai kuma labaran da suka ɗauki abin da baki ya ji nauyin faɗa kai tsaye. A Damagaram ana ba da labarin cewa da Sarki Tanimun ya gina ganuwar Birni a tsakiyar ƙarni na 19, an binne Alƙur'anai da 'yan mata a cikinta don kada a ci garin da yaƙi. Ko mutum ya yarda ko bai yarda ba, labarin yana gaya masa yadda talakawa suka ɗauki ƙarfin sarautar da kuma abin da aikin ya ci musu. A Kasuwar Kurmi ta Kano an sayar da bayi har zuwa shigowar Turawa a 1903, kuma sai a 1936 aka haramta bauta gaba ɗaya a Arewa. An yi yunwar 1913 zuwa 1914, an yi annobar murar da ake kira marisuwa a 1918. Filin da ake cewa ana jin kuka a cikinsa da dare, kafin a yi dariya sai a bincika ko tsohuwar maƙabarta ce, ko wurin da aka tsare mutane. Zuriyar waɗanda abin ya shafa suna nan da rai, ba su ba kowa izinin ya mayar da kakanninsu abin nishaɗi ba.

Masu cewa duk wannan camfi ne a share shi, ba su bambance tsakanin bauta wa wuri da rubuta abin da aka faɗa game da shi ba, kuma malaman da suka rubuta labarin Barbushe da Larabci ba su fi su ƙarancin tauhidi ba. Masu cewa a kwaikwayi Edinbara, babban birnin Scotland, inda tun 2003 ake biyan kuɗi a shiga tsohon lungun Mary King da ke ƙarƙashin ginin majalisar birni a ji labarin annobar 1645 da fatalwowi, sun manta cewa can sai da aka adana lungun, aka tono takardun mazaunansa, sannan aka fara sayar da tikiti.

Mu me muka adana? Ganuwar Kano, wadda Sarki Gijimasu ya fara a farkon ƙarni na 12, Rumfa ya faɗaɗa ta, Lugga ya gan ta a 1903 ya ce bai ga irinta a Afirka ba, tana cikin jerin wuraren da ke jiran UNESCO ta amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya tun 2007, tare da Surame, tsohon birnin Kanta na Kabi. Agadas ta shiga jerin na dindindin a 2013. Mu kuwa a 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, kuma ganuwar ana ta gutsurar ta, nan shago, nan gareji, nan masu ɗibar ƙasa. Abin kunya ne a ce garin da ya kasa hana a kwashe ganuwarsa a tifa shi ne 'ya'yansa ke yawo da farin ƙyalle suna ƙirƙiro masa fatalwa. Kowane irin wannan bidiyo yana koya wa yaro cewa tsohon gini wurin tsoro ne da wasa, kuma mai neman fili ba abin da yake so ya ji kamar a ce kango ya zama matattarar aljanu da 'yan shaye-shaye, domin daga nan sai katafila. Rijiyar Kusugu a Daura tana nan, an gina mata ɗaki, baƙi suna zuwa suna ɗiban ruwanta, saboda an riƙe labarin macijin tare da rijiyar, ba a raba su ba.

Wayar da ake ɗaukar shirmen nan da ita ta isa a yi aikin kirki. A je da rana, a fara da mai unguwa. A zauna da tsofaffi aƙalla uku, kowa shi kaɗai, domin idan aka haɗa su mai babbar murya ne zai rinjayi sauran, kuma lallai a sa tsofaffin mata a ciki, su ne suka fi riƙe labarin rijiyoyi da gidaje. Kada a tambaya ko akwai aljanu a nan, amsar da mai tambaya yake so ita za a ba shi. A tambaya me ke wurin nan da, wa ya gaya maka, me aka hana yi a wurin. A ɗauki murya, a ɗauki hoto, a rubuta lambar wurin daga taswirar waya. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, Gidan Arewa a Kaduna, da sassan tarihi na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello su buɗe wurin karɓar irin wannan, masu ba da izinin gini kuma su riƙa duba shi kafin su sa hannu a kan fili a cikin birni. Wanda aka haifa a 1940 ya haura 80 yanzu, kuma shi ne na ƙarshe da ya yi wasa a kan badala tun ganuwa tana da tsayinta.