Resilin: Bashin da ke tsakanin mai alƙalami da 'yan kallo

Daren Juma'a, 2 ga Fabrairun 2024, a birnin Birmingham na jihar Alabama, ɗan wasan resilin Cody Rhodes ya tsaya gaban Roman Reigns, mai riƙe da kambu a lokacin, da makirfo a hannu, ya ce yana nan a kan bakansa na ƙwace kambu, amma ba a WrestleMania ba, wato babban taron wasan shekara. Sai kiɗan The Rock ya tashi. Cody ya ba shi hannu, ya bar masa gurbinsa, ya sauka daga dandali fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Kwana shida kafin nan, shi ne ya ci Royal Rumble, wasan da ke ba mutum damar neman kambu a WrestleMania, karo na biyu a jere, abin da ba a gani ba tun Steve Austin a 1997 da 1998, har ya hau igiya yana nuna Reigns da yatsa.

A lissafin kasuwa, haɗa The Rock da Reigns shi ne wasa mafi tsada da kamfanin WWE zai iya sayarwa. Mutanen da ke cikin zauren ma sun yi sowa a daren. Amma kafin gari ya waye intanet ta ɗauki wuta, ranar Litinin kuma taro ya riƙa kiran sunan Cody yana yi wa The Rock eho. Wasu sun ce rigimar yara ce, masu son a ba su abin da suke so nan take. Ban yarda ba. Mai kallon resilin yana jure ganin an kayar da gwaninsa, don ya saba. Abin da ba ya jurewa shi ne a ci masa bashi, ranar biya ta zo a ce ba a san zancen ba.

A kokawar gargajiya, irin wadda ake yi don takobi a Nijar, kaye kaye ne, ba wanda za a tuhuma sai wanda ya faɗi. Resilin ba haka take ba, kuma kowa ya sani. Kafin a kaɗa ƙararrawa an riga an yanke wanda zai ci, da mintunan da aka ba wasan, da yadda za a ƙarasa shi: danne kafaɗu a ƙirga uku ne, miƙa wuya ne, ko wani ne zai shigo ya ɓata. Alƙalin wasa yana da 'yar na'ura a kunne, daga bayan labule ake gaya masa saura minti nawa, shi kuma ya raɗa wa 'yan wasa. Tunda akwai mai alƙalami, duk kayen da aka gani zaɓin wani ne. Shi ya sa ihun 'yan kallo kashi biyu ne. Akwai ihun da ake yi wa bos don ya iya mugunta, wannan kuɗi ne, shi ke sa a sayi tikitin ganin ranar da za a rama. Akwai kuma ihun da ke tsallake ɗan wasa ya nufi ofis, wato shugabannin kamfani masu tsara labarin. Gane shi ba wuya: ana yin sa ne a kan wanda aka tsara ya zama jarumi, ana kiran sunan wanda ba ya ma cikin dandali, kuma ba ya lafawa ko wasa ya yi daɗi.

Royal Rumble ita ce wurin da aka fi cin irin wannan bashi, saboda dokarta a fili take. Mutum 30 ne, biyu su fara, sauran su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya kusan kowane minti ɗaya da rabi ko biyu. Ana fitar da mutum ne idan aka jefa shi ta saman igiyar sama ƙafafunsa biyu suka taɓa ƙasa. Wanda ya rage shi ke neman kambu a WrestleMania. Mai kallo yana ƙirge, ya san wa ya shigo, wa ya rage. A Pittsburgh a 2014, taro ya yi ta jiran Daniel Bryan har aka kai lamba 30, sai ga Rey Mysterio. Mutumin da yara da manya ke so, ranar ya sha ehon da bai ci ba bai sha ba. Batista ya ci wasan, ya tsaya cikin ihu. Kuskuren a nan na tsari ne: ba a taɓa fitowa an ce Bryan ba ya cikin wasan ba, aka bar mutane suna sa rai har gurbi na ƙarshe. Da mugu aka ajiye a lamba 30, da aƙalla ihun ya sauka a inda zai yi amfani.

Dole aka gyara. A New Orleans, 6 ga Afrilun 2014, Bryan ya kayar da Triple H a wasan farko, ya dawo a na ƙarshe ya sa Batista ya miƙa wuya, ya ɗaga kambu. Sai ka ɗauka an ɗauki darasi. Ina! Shekara ta zagayo, a Royal Rumble ta 2015 a Filadelfiya, aka sa Bryan a lamba 10, Bray Wyatt ya fitar da shi bayan kimanin minti goma. Wato an bar fiye da rabin sa'a na wasa a hannun taron da ya riga ya fusata. Aka ƙara gishiri a miki, Big Show da Kane suka riƙa ɗaukar waɗanda ake so, su Dolph Ziggler da Dean Ambrose, suna zubarwa kamar buhunan ƙaiƙayi. Da Reigns ya ci, The Rock ya fito ya ɗaga masa hannu don a yi sowa, aka haɗa su duka biyun aka yi musu eho. Idan har an yanke cewa Bryan ba zai ci ba, hanya biyu ce: ko a hana shi shiga da dalili cikin labari tun makonni kafin ranar, ko a bar shi cikin ukun ƙarshe, mugu ya fitar da shi ta hanyar ha'inci, sannan wanda ake so ya ci ya rama masa.

Sai dai a batun Reigns, 'yan kallo ma suna da nasu laifin. Shekara da shekaru ana cewa bai iya magana ba, bai iya wasa ba, ɗan lelen Vince McMahon, shugaban WWE na lokacin, ne kawai. Ofis ya yi gaskiya game da mutumin, ya yi kuskure game da rigar da ya sa masa. Sau huɗu a jere, daga 2015 zuwa 2018, aka sa shi a wasan ƙarshe na WrestleMania a matsayin jarumi, taro yana ƙi. A watan Agustan 2020 ya dawo a matsayin mugu, ya haɗa kai da manaja Paul Heyman, ya zama shugaban dangi mai mulkin mallaka a kan 'yan uwansa su Jey da Jimmy Uso. Mutum ɗaya ne, jiki ɗaya, amma ya riƙe kambu kwana 1,316, kuma waɗanda suka yi ta zaginsa su ne suka koma ɗaga yatsa sama suna yi masa mubaya'a. Taro ya iya gane cewa abu ya lalace. Sau da yawa ba ya gane ina ɓarakar take.

Haka aka yi a Afrilun 2023, lokacin da Cody ya faɗi a hannun Reigns a WrestleMania ta 39 bayan Solo Sikoa, ɗan uwan Reigns, ya soke shi da babban yatsa a maƙogwaro. An yi ta kururuwa cewa an yi asarar damar da ba za ta dawo ba. Ni a ganina ƙarashen ya tsufa, don an gaji da ganin dangi na shigowa ceto, amma kayen kansa bai saɓa alkawari ba. Labarin Cody shi ne kambun da mahaifinsa Dusty Rhodes ya riƙe a hannu a Madison Square Garden a 1977 amma bai tafi da shi gida ba, saboda ya ci Billy Graham ne ta ƙirgen waje, wato alƙali ya gama ƙirga Graham yana wajen dandali, kuma ba a karɓar kambu da irin wannan nasara. Cody ya shigo Rumble ta 2023 a lamba 30, bayan wata bakwai yana jinyar tsokar ƙirji. Bai sha wuya a gaban idon mutane yadda za su ji nauyin nasarar ba. Jinkirta biya aka yi. A Birmingham kuwa, mai bin bashin aka sa ya ce da bakinsa ya yafe, ba dalili, kuma ya yafe wa mutumin da kwana goma kafin nan ya shiga hukumar daraktocin TKO, kamfanin da ya mallaki WWE. Kowa ya ga hannun ofis.

Yadda aka ɗinke ɓarakar ya cancanci a tsaya a kai, don ba janye maganar kawai aka yi ba. A Las Vegas, 8 ga Fabrairu, Cody ya fito ya ce Reigns ne zaɓinsa a WrestleMania, ya taɓo kakannin Reigns da The Rock, The Rock ya wanke shi da mari. Ihun da ke nufar ofis sai aka mayar da shi ihun bos, The Rock ya rungumi muguntar, har ya riƙa kiran kansa bos na ƙarshe. A Chicago ya fasa wa Cody goshi a waje cikin ruwan sama, ya shafa jinin a jikin bel. Sannan aka yi amfani da darare biyu na WrestleMania: daren farko The Rock ya danne Cody a wasan biyu da biyu, wanda ya sa wasan kambu na washegari ya zama babu doka. Ka ga an ba tauraron nasararsa, an kuma ba kowa lasisin shigowa. Daren 7 ga Afrilu, duk wanda ya shigo yana da tsohon bashi: Jey ya tare Jimmy, John Cena ya tare Solo, Undertaker ya maka The Rock da ƙasa. Da kujera ta zo hannun Reigns, Cody na gefe ɗaya, Seth Rollins na ɗaya gefen, sai ya zaɓi ya rafka wa Rollins, ramuwar cin amanar da Rollins, tsohon abokin tafiyarsa, ya yi masa da kujera a 2014. Wannan daƙiƙar ce ta ci shi, Cody ya danne shi ya ɗauki kambu. Wanda ya shekara goma yana kallo ya samu ladan kallonsa.

Ba kullum ake ƙarewa haka ba. Kofi Kingston, haifaffen Kumasi a Gana, ya samu dama a Fabrairun 2019 ne kawai don Mustafa Ali ya ji rauni. Ya yi fiye da sa'a guda a wasan karɓa-karɓa, inda duk wanda ka kayar sai wani ya shigo, taro ya tsaya masa, aka saurara, ya kayar da Daniel Bryan a WrestleMania ta 35 ya zama haifaffen Afirka na farko da ya riƙe kambun WWE. Bayan kwana 180, daren da shirin WWE na SmackDown ya koma tashar Fox, Brock Lesnar ya cafe shi a sama ya buga da ƙasa, cikin ƙasa da daƙiƙa goma an gama. Ba wanda ya ce kada Lesnar ya ci. Minti goma na fafatawa da sun isa Kofi ya faɗi da mutuncinsa. An yi gaggawar ne don a ba Cain Velasquez, tsohon abokin karawar Lesnar, fili ya fito, shi kuma wasansa da Lesnar a Riyad, ƙarshen watan, kimanin minti biyu ya yi. Kofi ya koma wasan biyu da biyu, ba a ba shi wasan ramuwa ba.