Direban Jammeh a kotun Jamus, mu kuma a Jos sai kwamiti

Shekaranjiya muna waya da Baffana na Unguwar Rogo a Jos, hira ta kai mu kan wani ɗan Gambiya, Bai Lowe, da aka kama a 2021 a nan Hanoba ta Jamus inda nake zaune. Baffa ya ce kai ɗana, ina ruwan Bajamushe da abin da aka yi a Banjul?

To ai nan gizo ke saƙar. Mutumin nan fa direba ne kawai, shi ke tuƙa 'yan kisan tsohon shugaban Gambiya Yahya Jammeh da ake kira Junglers, har da daren da aka harbe ɗan jarida Deyda Hydara a 2004. Ba a Jamus aka yi ba, wanda aka kashe ba Bajamushe ba ne, amma tun 2002 Jamus ke da dokar da ta ce laifin cin zarafin bil'adama ko a ina aka yi shi kotunsu na da hurumi, don haka a Nuwamban 2023 kotun garin Celle, da jirgin ƙasa ko awa ɗaya ba ka yi daga gidana, ta yanke masa ɗaurin rai da rai, ɗan marigayin na cikin masu ƙara. Shekara 19 bayan kisan! Suwizalan ma ta ba tsohon ministan cikin gidan Jammeh, Ousman Sonko, shekara 20 a 2024.

Baffa ya ce Turawa dai baƙar fata suke iya kamawa. Ban musa ba, wallahi akwai ƙamshin gaskiya, manyansu ba mai taɓa su. Amma Hissene Habre, tsohon shugaban Chadi, a Dakar aka ɗaure shi a 2016, alƙalan kuma 'yan Afirka.

Mu fa? Najeriya ta amince da yarjejeniyar Rum, wadda ta kafa kotun duniya mai hukunta manyan laifuka, tun 2001, shekarar da Jos ta kama da wuta, har yau ba a mai da ita dokar gida ba. Rikicin 2001 kwamitin Niki Tobi, na 2008 kwamitin Ajibola, a zauna a yi kuka a rubuta rahoto shikenan, kowane ɓangare ya binne nasa, wanda ya yi kisan kuna haɗuwa da shi a kasuwar Terminus yana cinikin tumatir. Al-Bashir ma, shugaban Sudan na lokacin, ya shigo Abuja a 2013 da sammacin kotun duniya a kansa ya fita lafiya lau.

Baffa ya yi shiru can ya ce, to wanda ya kashe mana Sani, sai mun yi addu'a ya samu bizar Jamus kenan?